Datar Da Aka Tanadar Wa Dada Mero

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Dada Mero a Sheme, katangar ma ta zaizaye har in na miƙe tsaye ina ganin abin da take dafawa. Ni malamar firamare ce, Hussaina sunana, kuma ban faye shiga sabgar maƙwabta ba. Amma ta Dada na shige ta har wuya, kuma har yau in na tuna wata Juma'a ta ƙarshen damina sai raina ya ɓaci.

Ba 'yar Sheme ba ce. An haife ta a wata unguwar manoma da ke bayan Yargoje, a ƙasar Ƙanƙara, can kuma ta auri Malam Mas'udu, mutum mai gonar dawa da 'yan shanun da ba su kai a kira su garke ba. Sana'arta saƙar faifai. Ita ke rina kabarta da kanta, ja da kore da shuni, kuma masu haɗa kayan amarya daga Faskari har Sabuwa sun san hannunta. In ka ga faifanta sai ka ji ƙyashin a kifa shi a kan tuwo. Ta sha yi mani alfahari cewa a zamaninta da magariba take zura zare a allura, ba ta neman fitila.

Haihuwa ta yi ta da yawa, biyu suka tsaya: Rabo ɗan fari, da Yahuza auta. Wanda bai san ƙasar nan ba, sai ya rantse cewa ba ta son Rabo. Ana yaye shi aka miƙa shi riƙo gidan Malam Gide, wan mijinta, daga ranar kuwa sunansa bai sake fita daga bakinta ba. Da farko "yaron gidan Malam" take cewa, da aka haifi Yahuza ya koma "wan Yahuza". In ya shigo gaishe ta sai ta sunkuyar da kai ga kabarta, ta amsa a taƙaice kamar wadda aka zo karɓar haraji wurinta. Kunyar ɗan fari ke nan, ita kuma ta riƙe ta da hannu biyu, fiye ma da tsararrakinta. Ni ɗan farina gatsal nake kiran sunansa, har Dada kan toshe kunne ta ce boko ya cinye mani ido.

Sai da muka shaƙu ta gaya mani yadda ta yi renon nata. Akwai wata kafa a darnin gidansu na ƙauye, daidai inda ake hango burtalin shanu. Kullum da hantsi nan take shimfiɗa tabarmar saƙa, ta ce wai inuwar ta fi sanyi, alhali lokacin ne Rabo ke kora shanu kiwo. Ta kafar nan ta ga ya yi tsawo, ta nan ta ga gemu ya fara fito masa. In ta yi miyar nama sai ta aika gidan Malam Gide da kwano, ta ce a ba yara, ta binne hanta a ƙarƙashin tuwon ta gefen da ta san shi ke zama.

'Yan bindiga da rana tsaka suka zo masu. A gona suka sami Malam Mas'udu, a gonar suka bar shi, suka kora shanun. Kafin sadakar bakwai unguwar ta watse. Malam Gide ya kwaso iyalinsa da na ƙanensa suka gangaro Sheme, aka sama wa Dada da Yahuza gidan da ke jikin nawa. Rabo kuwa ya rasa abin kamawa: ba shanu, gona ba ta shiguwa, shi kuma ba ɗan kasuwa ba. Ya yi zaman banza har ya gaji, sai ya bi ayarin samarin da ke haurawa ta Agadas zuwa Libiya. Ranar da ya zo sallama ina nan. Ya durƙusa a gabanta ya daɗe yana magana, ita kuwa tsinken saƙarta bai tsaya ba. "Allah ya tsare," kawai ta ce. Daga baya ta ce mani ƙafafunsa kaɗai ta kalla, tana ganin ai shekara ɗaya ce ko biyu ya dawo.

Shekaru suka yi ta tafiya. Ya sami aiki a wata gona can cikin sahara, nesa da gari, inda sabis ba ya kaiwa. Wayar da ya tafi da ita tun a hanya aka ƙwace. Jifa-jifa yakan ari ta wani ya kira, a gaisa cikin gaggawa. In aka miƙa wa Dada sai ta ce lafiya lau, kowa lafiya, ta mayar wa Yahuza kamar wayar na ƙona mata hannu.

Ni na fara lura da idon. Ta miƙo mani wani faifai ta kan katanga ta ce in gani, na ga ja ya shiga inda kore ya kamata ya bi, layin ya karkace. Na yaba, amma na sami Yahuza a waje na gaya masa. Ya kai ta asibiti a Funtua. Likitan bai ɓoye masa ba: jijiyar idon ce ke mutuwa, an makara, abin da ya tafi ba zai dawo ba, sauran ma tafiya zai yi. Magani zai ɗan ja lokaci ne kawai. Yahuza ya so ya ɓoye mata, amma Dada ba yarinya ba ce. Tun a mota ta ce masa ya daina haɗiye miyau, ta ji abin da aka ce.

Shi Yahuza ɗan difloma ne da bai sami aikin gwamnati ba. Jarinsa duka wata tsohuwar kwamfuta ce ta ɗorawa a cinya, mai faɗin gilashi, wadda ya saya ta hannu a Funtua. Batirinta ya tsufa, murfinta da salatif aka ɗaure shi, amma da ita yake buga wa mutane takardu, ya yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, ya gyara hoton fasfo. Ina yawan tsokanarsa cewa kwamfutar ta girme shi, ya kamata ya riƙa gaishe ta da safe. Wata rana yana zaune a tsakar gida ya buɗe hoton wani yaro ya cika gilashin da shi yana gyarawa, Dada ta zo wucewa da buta, ta tsaya, ta sunkuyo har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta ce wannan ba ɗan gidan mai nama ba ne? Shi ne kuwa. A lokacin ta daina gane fuskar mutum ko yana zaune kusa da ita, sai ta murya. Hoton da ke cikin waya kuwa, ko ka manna mata a ido, ɗigon haske kawai take gani. Amma fuska babba, mai haske daga bayanta, a kusa, wannan tana gani.

Aka kwana biyu. Sannan ta tambayi Yahuza, kamar abin bai dame ta ba, ko wannan abin nasa yana nuna mutumin da ke nesa. Ya ce yana nunawa, wa take son gani? Ta ce ita babu kowa, tambaya ce ta yi. Da la'asar ta kira ni bakin katanga, ta rage murya.

"Malama, so ni ke in ga huskar yaron nan kahin hitilar ta mutu."

Tun da nake da ita ban taɓa jin ta roƙi wani abu ba sai ranar.

Abin ba sauƙi gare shi ba, kuma sai da Yahuza ya zaunar da ni ya yi mani bayani na fahimta. Kwamfutar ba ta da layin kanta. Sai ya kunna abin da suke kira hotsifot a wayarsa, wato ya jona kwamfutar da wayar ta riƙa jan data daga can. Matsalar ita ce shan nasu ba ɗaya ba ne: waya kamar kaza take kurɓa, kwamfuta kuwa kamar saniya take kafa kai. Datar da za ta kai shi mako a waya, in ya jona ta da kwamfuta ya yi kiran bidiyo, kafin a dafa shayi a sha ta tafi. Sannan datar garaɓasa da kamfani ke yayyafa wa mutane, wadda samarin gari ke ta hira da ita, ba ta ƙetarawa zuwa kwamfuta, a waya kawai take aiki. Dole sai ta gaske, mai tsada, a shekarar da kasuwa ta mutu, aikin bugawa ma sai a wuni ba a kawo masa ko ɗaya ba.

Ya sayi iyakar abin da ƙarfinsa ya kai, ni ma na ɗan taɓa. Daga nan ya shiga tattalinta. Ya toshe duk wata kafa da kwamfutar ke satar data a ɓoye. Ya sauya lambar sirrin hotsifot ɗinsa, wadda samarin layinmu suka saba ɗana, har wasu suka daina yi masa magana suna cewa ya yi kuɗi ya fara rowa. Ya daina buɗe komai a wayar, ko labarai sai dai ya ji a rediyo. Ya lissafa cewa abin da ke ciki zai isa Dada ta zauna ta kalli ɗanta a tsanake, su gaisa, har ya juya mata fuska hagu da dama in tana so.

Can ɓangaren Rabo ma an shirya. Akwai wani abokin aikinsa mutumin Maraɗi mai babbar waya. Ranar Juma'a motar gona kan kai su gari su yi salla, su yi cefane, ta kwashe su ta koma. Tsakanin sallame salla da tashin motar, nan ne zai ara masa. A gidan su Dada kuwa wuri ɗaya sabis ke da ƙarfin ɗaukar bidiyo, tagar zaure mai kallon titi. Nan Yahuza ya kafa ƙusa don rataye wayar, ya ce kwamfutar ma dole a zauren za ta zauna, don in ta yi nisa da wayar sai jonin ya riƙa yankewa.

Ana jibi Juma'a Dada ta ce wa Yahuza ya je ya shaida wa Malam Gide. Yahuza ya yi ta kwana-kwana, ya ce a bari sai an gama a gaya masa. Ta ce ba da ita ba. Mutumin da ya riƙi yaro tun yana tatata, ya yi masa kaciya, ya sa shi makaranta, a ce an ga fuskarsa a bayan idonsa? Ita wace ce? Haihuwa kawai ta yi. Na so in sa baki, amma na san maganarta ita ce daidai a wurin kowa a garin nan, kuma da an ɓoye ɗin, da har ta mutu ana yi mata gori. Yahuza ya je ya faɗa. Malam Gide ya yi murna har da hawaye, murnar kuma ba ta bar shi ya riƙe bakinsa a masallaci ba.

Ranar Juma'a tun hantsi Dada ta yi wanka, ta sa kwalli a idon da ya kusa mutuwa, ta ɗaura zanen da rabonta da shi tun Sallar ƙarshe da ta yi da mijinta. Na shigo na zauna da ita a bakin ƙofar zaure ta ciki. Ana saukowa daga masallaci muka ji takun mutane. Malam Gide ne a gaba, limamin unguwa a bayansa, sai dattawan da suka yi gudun hijira tare daga ƙauye, sai wasu ma da ban san haɗinsu da Rabo ba. Kafin Yahuza ya gama jona wayar zaure ya cika, takalma sun taru a ƙofa. Na leƙa na ga fuskar Yahuza ta sauya. Dada kuwa tana jin muryoyin maza ta ja da baya, ta juya wa ƙofar gefe, ta jawo wani faifai da ta daɗe da ajiyewa ta ɗora a cinya.

Kira ya shiga. Na ji muryar Rabo ta cika zauren, mutane suka ɗauki salati. Malam Gide ya zauna daf da gilashin, aka fara gaisuwa. Ina gajiya, ina aiki, yaya baƙunta, yaya zafin can, yaya mutanen da kuke tare. Rabo na amsawa yana mayarwa, shi ma sai ya tambayi gida ɗaki-ɗaki. Yahuza ya durƙusa kusa da baffansa ya ce a hankali, Baba, datar ba ta da yawa, a bari Dada ta fara. Malam Gide ya dube shi da mamaki na gaskiya, ba da faɗa ba.

"Ba ka ce ka zuba ba? Shi kallon ma sai an biya? Bari in yi mashi gaisuwar mutanenmu, yanzu ta zo."

Gaisuwar mutanenmu, wato ta'aziyya. A ƙasar nan ba a haɗa ido da wanda ya daɗe ba ya gida a zarce da hira, sai an gaya masa waɗanda suka rasu a bayansa, an yi masa gaisuwa, shi ma ya yi. Ban ga laifin al'adar ba, don da can mutum biyu ne ko uku, tsofaffi, a yi masu addu'a a wuce. Amma a shekarun da Rabo ya yi a waje, wa ya rage? Malam Gide ya fara jerowa. Wane an tare shi a hanyar Ƙanƙara. Wane a gonarsa, ranar shuka. Wane da 'ya'yansa biyu rana ɗaya. Wance an tafi da ita daji, gawar ma ba a gani ba. Kowane suna sai Rabo ya yi salati, ya ce Allah ya jiƙansa, zaure ya amsa da amin. Wasu abokan kiwonsa ne, sai ya tambayi yadda aka yi, a ba shi labari. In Malam Gide ya manta wani, sai wani dattijo daga baya ya tuna masa, ya matso gaban gilashin, ya sake sabuwar gaisuwa tun daga ina gajiya, sannan ya faɗi nasa mamacin. Ba wanda ya zo da mugunta. Kowa da gawarsa a zuciya ya zo, ya sami ɗan gida da bai ji ba tukuna.

Ni kuwa a bayan ƙofa haushi ya ishe ni. Na ce Dada ki tashi, ki ratsa su, don ke aka yi wannan abin. Ta ci gaba da soka tsinke a faifan da ba ta gani.

"Bari manya su gama. In tashi gaban mutane in tsaya kallon yaro, a ce mi?"

Na ce a ce duk abin da za a ce. Na ga ta karkata kunnenta wajen ƙofar, hannunta kuma ya jiƙe da gumi har kabar na zame mata.

Wayar da ke rataye a taga ta yi ƙara, saƙon kamfani ya shigo cewa data ta kusa ƙarewa. Liman ya ɗaga hannu ya fara addu'a ga mamatan baki ɗaya, kuma ba mai katse addu'a. Yahuza ya tsaya da hannuwa a sama, idonsa a kan wayar. Ana shafawa ya daina jin kunyar kowa, ya ce da ƙarfi don girman Allah a ba Dada hanya. Sai a lokacin Malam Gide ya farga, ya ce subhanallahi, Mero, taho ki gaisa da yaron.

Ta tashi. Ta gyara mayafi, ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, na kama hannunta muka shiga. Zaure cike da surukai da malamai, Dada kuwa ba ta taɓa wuce namiji babba a tsaye ba. Ta durƙusa ta gaida liman. Ta ja gwiwa ta gaida na kusa da shi. Ina jan hannunta tana ƙwacewa, sai ta gaida kowa. Da ta iso bayan Malam Gide ta durƙusa masa shi ma, shi kuma yana ƙoƙarin miƙewa ya ba ta wuri, gwiwar tsufa ta ƙi ba shi haɗin kai. Na ji Rabo na cewa, Dada ce? Dada ce? Ta ɗago kai ta leƙa ta bayan kafaɗar Malam. Daidai nan hoton ya daskare, ya dagule, wani ɗan zobe ya hau juyawa a tsakiyar gilashin, sannan komai ya ɗauke.

Yahuza ko takalmi bai tsaya nema ba, ya fita da gudu. Mai sayar da kati na bakin titi bai dawo daga masallaci ba, sai da ya kai tasha ya samu. Kafin ya dawo ya loda ya sake jonawa, motar gona ta tashi da su Rabo, lambar ta daina shiga. Mutane suka watse suna cewa an gode Allah, an ga yaro lafiya. Malam Gide ya tsaya a ƙofa yana juya hularsa a hannu, ya ce ai ga wata Juma'ar nan tafe. Dada ta ce haka ne, Malam, Allah ya kai mu. Ta koma ciki ta cire zanen ta ninke.

Juma'ar da ta biyo mutumin Maraɗi bai shiga gari ba. Kafin ta gaba ta zo, gwamnati ta rufe sabis a ƙasashenmu gaba ɗaya, daga Sabuwa har Ƙanƙara da maƙwabtansu, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana. Muka wayi gari wayoyi sun zama fitilar hannu. Datar da Yahuza ya loda a tasha ranar nan tana ciki har wa'adinta ya cika ta lalace, ba a taɓa ta ba. Ya taɓa yin kasada ya bi mota har wajen Zariya don neman sabis, ya kira lambar ba ta shiga ba, don ba Juma'a ba ce, ranar Juma'a kuwa direbobi ba sa son hanyar. Ɗaukar Dada a wannan hanya, a kan ƙila a dace, ba wanda ya yarda, ita ma ta hana.

Aka yi girbin abin da aka samu, sabis bai dawo ba. Maganin ɗigawarta ya ƙare, ba hanyar aikawa a sayo a kan kari. Kullum da safe takan fito ta tsaya ta fuskanci gabas, ta gwada abin da ya rage. Da farko tana ganin bishiyar darbejiyar ƙofar gida, daga baya sai inuwarta, daga baya sai ta ce mani rana dai tana jin ta a fuska. Wata safiya na ji ta tana tambayar Yahuza ko gari bai waye ba ne, alhali hantsi ya dubi ludayi. Malam Gide ya riƙa zuwa kullum yana zama a zaure, ya kawo goro ya ajiye ya tafi. Na daɗe ba na amsa gaisuwarsa da sakin fuska, sai da na ga yadda ya rame na sassauta.

Da aka buɗe sabis bayan watanni, Yahuza ya sayar da buhun masarar da ya samu na aikin wani, ya zuba data mai yawa, irin wadda bai taɓa saya ba. Ya nemi mutumin Maraɗi har ya same shi. Wannan karon bai gaya wa kowa ba, Malam Gide da kansa ya ce kada a gaya masa ranar. Aka sa sakata a ƙofar zaure. Daga ni sai Yahuza sai Dada, ta sake ɗaura zanen nan, ta sa kwalli. Kafin a kira ta gargaɗe mu cewa kada wanda ya gaya wa wan Yahuza halin da idonta ke ciki, don in ya ji zai kamo hanya, hanyar kuwa ta san abin da ke cikinta.

Fuskar Rabo ta cika gilashin, tar, ko gezau hoton bai yi ba. Na daɗe ban ga mutum ya lalace haka ba. Kumatunsa sun faɗa, haƙoransa na gaba biyu babu, furfura ta fito masa a gemu, ga wani tabo daga goshi har gira. Dada ta zauna daf da kwamfutar, sai dai ta ɗan karkace, tana fuskantar bango ta gefen hagu. Na kai hannu a hankali na juyo kafaɗarta. Rabo na kallo. Bai tsaya ina gajiya ba, ita ma ba ta tsaya ba.

"Dada, kina ganina?"

"Ina ganinka sarai. Ka yi ƙiba, ka yi haske. Halan abincin can ya karɓe ka."

Ya ƙura mata ido. Na ga idonsa ya bar kanta ya koma kan Yahuza, Yahuza ya sunkuyar da kai. Rabo ya sa hannu ya rufe bakinsa, kafaɗunsa na girgiza, ya daɗe a haka ba sauti. Sannan ya share fuska ya gyara murya.

"Na yi ƙiba, Dada. Abinci ya karɓe ni."

Suka ɗan taɓa hira, ta yi masa addu'a, ta ce ya riƙe salla, kada ya yi gaggawar tahowa. Can sai ta laluba ta dafa gwiwar Yahuza ta ce ya kashe haka nan, kada data ta ƙare. Ya ce akwai ta da yawa, ko wuni za a yi ba za ta ƙare ba. Ta ce a'a, a rage wa wata Juma'ar, wataƙila Malam na son gaisawa. Ya kashe, ya zare wayar daga ƙusa ya fita waje, don ba ya son ta ji kukansa.

Muka rage ni da ita a zaure. Ta kai tafin hannunta ta shafa gilashin, yana da sauran ɗumi. Ta tambaye ni, ba tare da ta juyo ba, da wa yake kama yanzu. Na ce da mahaifinsa, sak. Wannan kam ba ƙarya na yi ba. Ta gyaɗa kai.

"Haka na zata. Rannan da na leƙa ta bayan Malam, kunnenshi kaɗai na gani, da bakin hula." Hannunta na kan gilashin. "Kunnen Rabo ne kam. Na gane shi."

Ta nemi in miƙo mata takalmanta, na sa mata, na kama hannunta muka koma cikin gida.